Shadda A Akwati, Tsumma A Kasuwa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko yake bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, ya san irin shigar da yawancinmu ke yi ranar aiki. Riga ce wadda wuyanta ya yi baƙi ƙirin, aljihu ya ɓarke, wando ya sha man mota, hula kuwa ta koɗe har ba a gane kalarta ta asali. To amma ka bi mutumin nan gida ka ce ya buɗe maka akwati. Za ka tarar da shadda kala uku ko huɗu, da aikinta na wuya, an buge an ninke, ba ta ganin rana sai Sallah ko ɗaurin auren ɗan wani babba. Wato ranar da yake neman kuɗi tsumma yake sawa, ranar da zai kashe su kuma yake ado. A ganina wannan lissafi a birkice yake, kuma yana jawo mana hasarar da ba mu rubutawa a littafi.

Dalilina shi ne, kasuwancinmu na bakin iyaka bashi da amana ke riƙe da shi. Tun zamanin cinikin gyaɗa haka Alhazan Maraɗi suka taso, yaro ya ɗauki kaya a hannun ubangida ba takarda ba sa hannu, ya sayar ya kawo kuɗi. Har gobe haka ake yi tsakanin Kantin Kwari na Kano da masu sari daga Ƙonni, Damagaram ko Magarya. Mutumin da zai ba ka dila biyar bashi, alhali bai san gidanku ba, ba ya da abin dubawa a ganin farko sai kai kanka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Na taɓa kai wani yaro, ɗan maƙwabcina, wurin wani dattijo a Kwari don ya soma ba shi atamfa yana kawowa gida. Yaron kirki ne, ba ya cin ko dala ta mutum. Sai dai daga tasha muka wuce kai tsaye, ya kwana a mota, rigarsa duk ƙura da jirwayen miya. Dattijon ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwa, aka yi raha, sannan ya ce a bari sai wani zuwan. Da muka keɓe sai ya ce mini, wanda bai iya adana rigar jikinsa ba, yaya zai yi da turmi ɗari na mutane cikin damina? Ban ji daɗin maganar ba, kuma har yanzu ina ganin ya tsananta. Amma kayansa ne, ba wanda zai tilasta shi.

Akwai kuma abin da sutura ke yi wa mai ita a zuci, wanda ba kasafai muke faɗa ba. Mai rigar da ta yage a hammata ba ya ɗaga hannu, ba ya son zama kusa da manya, sauri yake a gama ciniki ya tashi. Irin wannan mutum taya biyu aka yi masa sai ya ce ya sallama. Wanda kuwa ya fito tsaf, ya san ba abin da za a kalla a jikinsa a yi murmushi, shi ne ke gyara zama ya ce albarka har sau biyar ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Na san za a ce mini, ai ga Alhaji wane can, manyan motocinsa sun fi goma, kuma da tsohuwar jamfa yake yawo. Gaskiya ne. To amma shi sunansa ya riga ya yi masa riga, shekara talatin yana cika alkawari. Kai da ka fara jiya fa? Za a kuma ce ƴan damfara sun fi kowa iya babbar riga da turare. Wannan ma haka ne, shi ya sa ban ce a yi ƙawa ba. Ado mai yawa a kasuwa ma illa gare shi, domin kuwa mai saye zai ɗauka ribarsa ce ka ɗaura a jiki, ɓarawo ya sa maka ido, a kan hanya kuma kowane shinge a ga kamar kai ne mai motar.

Maganar tsada ita ce ta fi ci mini rai. Shaddar Getzner daga Ostiriya ake kawo ta, da kuɗin Turai ake sayenta. Dattawa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar Sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Ƴan uwanmu na Nijeriya sun ga irin wannan bayan da aka saki Naira a 2023. Duk da haka sai ka ga matashin da jarinsa bai taka kara ya karya ba ya yanki kashi ɗaya cikin uku ya kai wa tela, don kada a raina shi ran Idi. Ku da kuke sayar da yadi kun fi ni sani, muddin almakashi ya shiga shadda, to ta tashi daga haja. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, wanda ya bar kuɗinsa cikin gero ko dabba ya samu abin juyawa. Mai akwatin shadda kuwa sai dillalan gwanjo, su ma a wulaƙance suka taya.

Iyayenmu mata masu fatauci su ma ba su tsira ba, nasu ciwon anko ne. Biki uku a wata, kowane da atamfarsa, wata ma sau ɗaya za a ɗaura ta. Hajiya, in adashen da kika zuba don ƙara jari ya ƙare a anko, wa aka yi wa bikin?

Abin da nake ba da shawara ba shi da wuya. Kuɗin shadda ɗaya mai tsada za su yi wa mutum kaftani huɗu ko biyar na yadin auduga mai kauri, masu kalar da ke ɗaukar ƙura, kamar ruwan toka, ruwan ƙasa ko shuɗi. A guji yadin roba mai ƙyalli, don a zafin watan Afrilu, lokacin da rana ke wuce maki 40, yana riƙe zufa, kafin azahar mutum ya soma tsami. Fari kuma a bar wa Juma'a. A gaya wa tela ya yi ɗinki daidai jiki, ya ninka zare a hammata da bakin aljihu, ya kuma sa aljihun ciki biyu masu zif, ɗaya na Naira ɗaya na Sefa, don kada a riƙa zazzage kuɗi gaban jama'a ana neman canji. Mai tafiyar dare ya ware kayan hanya daban, ya ninke na shiga kasuwa cikin leda a jaka, in an sauka ya nemi ruwa ya wanke jiki ya sauya kafin ya je gaida kowa. Hula biyu sun isa in ana wanke su, takalmi kuma a duba shi, don mutane da yawa daga ƙasa suke fara kallo.

Shaddar da ke akwati ma a fito da guda ɗaya cikin waɗanda suka kwana biyu, a mai da ita ta ranar zuwa wurin ubangida ko banki. Sabon ɗinkin kuwa kada a kai shi cikin azumi, sa'ad da tela ke kwana kan keke yana yi wa kowa alkawarin gobe. A bari sai sati biyu bayan Sallah, lokacin da shagonsa ya yi shiru, zai auna ka a natse, kuma kuɗin ɗinkin ma ya fi sauƙi.