Masu haƙa namu ne, masu sa hannu fa?

Duk inda ake haƙar rijiya ko harsashin gini daga Ojoo zuwa Moniya a yankin Akinyele na Ibadan, leƙa ramin, da wuya ka rasa ɗan Arewa a ciki da diga da shebur. Tambaye shi, zai nuna maka inda jar ƙasa ta ƙare, inda marmara ta soma, da gaba nawa ya rage a taras da dutse. Yakan murza ƙasar a tafin hannu ya ce, "Alhaji, nan yumɓu ne, damina na sauka zai kumbura." Kuma hakan za a yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sanin nan a rami yake tsayawa. Takardar gwajin ƙasa da ake dogaro da ita kafin a ɗora bene, wani ne daban ke sa mata hannu.

Alhali sanin halin ƙasa fanni ne sukutum a jami'a, wanda Karl Terzaghi ya aza tubalinsa da littafinsa na 1925. A ɗakin gwaji, ɗalibi zai busar da ƙasa a tanda kwana guda don auna ruwan da ta sha, ya tankaɗe ta, ya mulmula ta siririya har kaurin milimita 3, ya ga inda za ta karye. Da irin waɗannan gwaje-gwaje ake gane halinta da nauyin da za ta ɗauka. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, malamai sun kai matakin farfesa a kan binciken baƙar ƙasar arewa maso gabas, mai kumbura da damina, ta tsage da rani, ta farfasa kwalta.

Akinyele na bukatar irinsu. Tun da aka buɗe layin dogon Legas zuwa Ibadan a 2021, da tasha a Moniya, filaye ake yankawa ba ƙaƙƙautawa, har da na fadama. Ga Jami'ar Ibadan a bakin ƙofarmu, da sashen injiniyan gine-gine.

Hanyar doguwa ce: shekara biyar ta digirin farko, sannan na biyu, sannan na uku, albashin malamin jami'a kuwa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ɗan mai haƙar rijiya ba zai iya shi kaɗai ba.

Ya ku shugabannin unguwar Sabo ta Ibadan da dattawan karar shanu ta Akinyele, ku kafa asusu. Ku zaɓo ko da yara biyu masu ƙoƙari a lissafi, ku ɗauki nauyinsu har digirin digirgir.