Faifan "Goma a Ɗaya": Wane Fim ɗin Yaƙi Yaronki Yake Kallo?

Yau hirar tamu a kan faifan nan ne mai araha da ake tallarsa a kasuwa da bakin tasha, wanda ake cusa fina-finan yaƙi goma ko ashirin a cikinsa. Idan babu na'urar DVD a gidanki, ɗan kuɗi kaɗan yaro zai bai wa masu tura fim su cika masa memori da irinsu. Ko da sisi biyu aka saye su, yaro zai zauna ya kalle su tas, don haka ya kamata ki san abin da ke ciki.

Mai haɗa faifan ba ruwansa da shekarun mai kallo. Duk fim ɗin da ya ga soja da bindiga a ciki, tarkata shi yake yi ya zuba, ya manna hoto ɗaya a bango. Shi ya sa za ki tarar da fim ɗin da ya dace da ɗan shekara 12 yana maƙwabtaka da wanda ko babba sai ya kau da kai.

Bari mu fara da tsofaffin, waɗanda aka yi tun kafin a fara nuna jini da gunduwa-gunduwar jiki ƙuru-ƙuru. The Longest Day na 1962 fim ne baƙi da fari, mai kusan awa uku, a kan saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944. Akwai harbi da mutuwa, amma ba a tsayawa ana haska raunuka. The Great Escape na 1963 kuwa labarin fursunonin yaƙi ne da suka haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa suka sulale daga wani sansanin Jamus a watan Maris na 1944. Yara kan riƙe wurin da jarumin ya yi tsalle da babur, alhali wannan ƙarin gishirin masu fim ne. Abin da ya faru da gaske shi ne mutum 76 suka fita, aka sake kama 73, aka harbe 50 daga cikinsu bisa umarnin Hitila. Uku kacal suka tsira. Wannan lissafin ya kamata yaro ya tashi da shi.

Haka The Bridge on the River Kwai na 1957, wanda ya ci kyautar Oscar bakwai. Yana nuna fursunonin Birtaniya da sojojin Japan suka tilasta wa gina gadar jirgin ƙasa. Labarin ƙagagge ne, amma layin dogon gaskiya ne: kilomita 415 tsakanin Tailan da Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar. Fursunonin yaƙi fiye da 12,000 suka mutu wurin aikin, leburori 'yan Asiya da suka mutu kuma sun ninka haka sau da yawa, ga shi fim ɗin bai ba su wani muhimmanci ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Lion of the Desert na 1981, da Moustapha Akkad ya shirya a kan Umar Mukhtar, malamin allon da ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙar mulkin mallakar Italiya a Libiya, har suka rataye shi a 1931. Fim ne mai koyar da mutunci da juriya, sai dai akwai kisa da rataya da sansanonin da aka tsare mata da yara. Ki bari sai yaro ya tasa, kuma ki zauna tare da shi.

Sai waɗanda za ki ɗauke gaba ɗaya. Minti ashirin na farkon Saving Private Ryan na 1998 cike suke da jini da sassan jikin mutane. Platoon na 1986 yana nuna sojojin Amurka suna kashe mutanen ƙauye a Biyetnam da cin zarafin 'yan mata. Full Metal Jacket na 1987 kuma ashar ce tun daga farko, har da sojan da ya harbe kansa. A Amurka, duka ukun ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga kallonsu sai da babba. A faifanmu na kasuwa babu wannan shingen, sai wanda kika kafa.

Akwai kuma abin da duk waɗannan fina-finai na Yaƙin Duniya na Biyu ba za su gaya wa yaronki ba. Kakanninmu sun je yaƙin. Birtaniya ta kwashi dubban matasa daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya ta kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japan a dazukan Burma a 1944 da 1945, wasunsu ɗauke da kayan yaƙi a ka inda mota ba ta shiga. Da Hausa yawancin sojojin Najeriya suke magana da juna. Daga can aka samo sunayen barikin Myohaung da na Arakan a Legas, da na Chindit a Zariya, da Burma Camp a Akara. Ki tambayi dattawan gidanku, mai yiwuwa akwai wanda ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba.

To me za ki yi? Idan sabon faifai ko memori ya shigo gida, ki karɓa ki duba jerin sunayen kafin a kunna. Wanda ba ki sani ba, ki rubuta sunansa a wayarki tare da shekararsa, za ki ga iyakar shekarun da aka sa masa. Idan mai fassarar Hausa ne, ki saurara da kunnenki, domin wani mai fassarar da raha yake raka mutuwar mutum, yara su yi ta ƙyalƙyala dariya. Bayan an gama kallo, ki tambayi yaron: mutum nawa suka tafi, nawa suka dawo? Wa zai je ya gaya wa mahaifiyar wancan sojan? Amsar da zai ba ki ita za ta nuna miki ko wasa ya ɗauki yaƙi.

Ki kuma tuna da yaran da rikici ya koro daga garuruwansu suke zaune cikinmu. Wanda ya taɓa jin ƙarar bindiga da kunnensa, ko ya kwana a daji yana gudun 'yan bindiga, ba ya bukatar a kunna masa ita a falo. Idan kika ga yaro ya toshe kunne, ko ya fara firgita cikin barci, ko fitsarin kwance ya dawo masa, a kashe kallon, a ja shi a jiki.

Wane fim kika taɓa tararwa a memorin yaranki da ya tayar miki da hankali, kuma yaya kika yi? Ki rubuto mana a ƙasa, 'yan uwa su ƙaru. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.