LAHIYA UWAR JIKI: Tandu, batta ko bututu?

Kaka ta wuce. Gero ya shiga rumbu, an saida gyaɗa da wake da riɗi. Yanzu lokacin bukin aure ne a ƙasar Magarya da Dungas. Duk kasuwar da mutum ya shiga, ko Bande, ko Waca, ko Dogo-Dogo, zai tarar ƴan koli sun baza kayan kwalliya: hoda, jan baki, jagira, lalle, turare da kwalli. Wasu kayan daga Kano suke shigowa ta hanyar Tinkim. Wasu daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis.

Cikin kayan nan akwai wani baƙon abu. Wani mai ne mai kauri da ƴan mata ke shafawa a bisa fatar ido kahin su ɗora launi. Aikinsa ya riƙe launin, kar gumi ya wanke shi. Iri biyu ake saida shi. Akwai na batta, mai faɗin baki, a sa yatsa a lakato. Akwai na bututu, irin na man goge haƙori, a matsa ya hito. Ga kuma tandun kwalli na iyaye da kakanni, yana nan bai tahi ko'ina ba. To, cikin ukun nan wanne ya hi?

Gardama a tsakar gida

A wani gida na karkarar Bande ana haɗa kayan amarya. Kawunta ya dawo daga kasuwa da batta ɗaya da bututu ɗaya. Mata suka taru suna dubawa.

Amarya ta ce: "Ni dai na batta nake so. Ana ganin abin da ya saura, kuma ana lakace shi har gindi."

Yayarta, wadda ta haihu kwana goma da suka wuce, ta ce: "Ke dai kin faye son auki. Na bututu ya hi tsabta."

Kakarsu tana zaune bisa tabarma da jariri a cinya. Ta ciro tandunta daga lalita. Ta ce: "Ku ƴaƴan yanzu kun cika son baƙon abu. Tandun nan tun aurena yake. Da shi na sa wa ubanku kwalli, da shi na sa muku, ga shi yanzu zan sa wa wannan ɗan baƙo."

Ta lashi tsinke, ta tsoma cikin tandu. Nan ungozomar gari ta yi sallama, ta zo duba mai jego. Ita ungozomar nan ta samu horo a gidan likita. Ta gaida tsohuwa, ta durƙusa, ta ce: "Inna, don Allah ki dakata kaɗan. Kahin a zaɓi mazubi, tambaya uku ake yi. Me ke shiga cikinsa? Mutum nawa ke amfani da shi? Kuma me aka zuba a ciki tun farko?"

Tambaya ta farko: me ke shiga ciki?

Batta bakinta faɗi gare shi. Duk lokacin da aka buɗe ta, ƙurar hunturu tana sauka bisa man. Ƙuda ma yana iya sauka. Yatsan da ake lakata da shi, shi ne ya taɓa daka, ya taɓa hancin yaro, ya taɓa kuɗi. Abin da ke yatsan ya zauna cikin batta. Mai abu ne mai danshi, ƙwayoyin cuta suna son danshi. Ido ba ya ganinsu, amma suna nan suna yaɗuwa. In an bar batta a buɗe, man yakan bushe ya tsage. In bazara ta yi zahi, yakan narke.

Bututun matsawa bakinsa ƙanƙane ne. Abin da ya hita ba ya komawa. Wanda ya taɓa karɓar maganin ido a gidan likita ya san cikin ɗan bututu ake ba da shi, ba cikin batta ba. Likitoci ba su yi haka a banza ba. Don kar datti ya shiga ne. Laihin bututu biyu ne: ba a ganin abin da ke ciki, kuma wani saura yakan maƙale a ƙarshe.

Amma a lura. Akwai wani bututu mai ɗan tsinke ko buroshi manne da murhinsa, kamar na kwallin ruwa. Tsinken yana zuwa ido, yana komawa ciki. Wannan sunansa bututu, amma halinsa na batta ne.

Tandu fa? Gari ne busasshe a cikinsa, kuma ƙwayar cuta ba ta jin daɗin busasshen wuri kamar mai danshi. Nan tandu yana da tasa darajar. Sai dai da fata ake yin sa, ba ya wankuwa. Kuma in aka jiƙa tsinke da miyau aka tsoma, an kai danshi da dattin baki cikinsa.

Tambaya ta biyu: mutum nawa ke amfani da shi?

A gida da yawa tandu ɗaya ne, tsinke ɗaya. Uwar gida ta sa, amarya ta sa, yara su sa, maƙwabciya ta aro. Maza ma suna sa kwalli, manoma da makiyaya, ranar Juma'a da ranar salla. Ranar buki kuwa, mai yin kwalliya takan gyara ƴan mata goma da batta ɗaya da yatsa ɗaya. In ɗaya daga cikinsu tana da ciwon ido, sauran tara suna iya ɗauka.

Jama'a sun san apolo, ciwon jan ido da ya ɓulla a ƙasar Gana a shekara ta 1969. Yana shiga gida ya bi kowa. Shi yakan warke cikin sati ɗaya ko biyu. Wanda ya hi shi muni shi ne amodari. Ƙasar Damagaram tana cikin wuraren da amodari ya daɗe yana wahal da mutane a Nijar. Ƙwayarsa tana cikin kwantsa da majinar mai ciwon. Hannu yana ɗaukar ta, gehen zane yana ɗaukar ta, ƙuda yana ɗaukar ta. Duk abin da ya taɓa ido mai ciwo ya koma wani ido yana iya ɗaukar ta.

In amodari ya yi ta kama mutum tun yana yaro, cikin fatar ido yakan yi tabo. Tabon ya jawo gashin ido ya juya ciki. Gashin ya yi ta kartar ƙwayar ido, har gani ya dushe. Ƙungiyar lahiya ta duniya, wato OMS, ta ce mata sun hi maza makancewa da wannan ciwo har ninki 4, don su ne kullum tare da yara. Amodari yana da magani. Gashin da ya juya ma ana gyara shi da ɗan ƙaramin aiki a gidan likita. Ƙasar Gana ta ci ƙarhinsa a 2018, Mali da Benin a 2023. Abin da ya yiwu can zai yiwu nan.

Tambaya ta uku: me aka zuba a ciki?

Wannan ita ce babbar tambaya. Mazubi mai tsabta ba ya gyara abin da ke da guba.

Kwalli tsohon ado ne. Mutane da yawa suna sa shi don bin sunna, kuma ba wanda ke jayayya da wannan. Maganar ita ce dutsen da ake niƙawa. Dutsen nan mai nauyi, mai ƙyalli kamar azurfa, da ake saidawa a kasuwa, masana sun gwada shi a ɗakin awo. Sun tarar dutsen dalma ne. Dalma kuwa guba ce a jikin ɗan Adam.

Jama'a ba su manta abin da ya faru a Zamfara ba a shekara ta 2010. An riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, dutsen yana da dalma. Ƙurar ta shiga ƙasa da abinci. Yara sama da 400 suka rasu. Likitocin MSF, waɗanda mutanen Magarya suka sani tun 2005, suna cikin waɗanda suka gano abin. Can ba kwalli ba ne sanadi. Amma gubar iri ɗaya ce.

Ga kuma labarin da ya shahi kwalli kai tsaye. A shekara ta 2011, a birnin Boston na ƙasar Amurka, likitoci sun auna jinin wani jariri ɗan wata 6, iyayensa ƴan Najeriya. Suka samu dalma a jinin. Da aka bincika, sai aka ga kwallin da aka kawo daga gida ake sa masa. Aka auna kwallin, aka tarar sama da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Gomnatin Amurka ta hana shiga da irin wannan kwalli ƙasarta.

Yaya dalma ke shiga jiki daga ido? Yaro yana murza ido, ya sa yatsa a baki. Kuma akwai wata ƴar hanya daga ido zuwa hanci, ta nan hawaye ke gangarawa maƙogwaro. Shi ya sa mai kuka ke jan majina. Garin kwalli yana bin wannan hanya har ciki. OMS ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 bisa na babba. Ta ce kuma babu wani ɗan kaɗan na dalma da za a ce ba ya cutarwa.

Muguntar dalma ita ce ba ta yin shela. In kaɗan ce, yaro ba ya zazzaɓi, ba ya kuka. A hankali take taɓa ƙwaƙwalwa da jini. Sai an kai shi lakkol ko makarantar allo a ga karatu yana yi masa nauyi, a ce daƙiƙi ne. In ta yi yawa takan kawo ciwon ciki, rashin jini da suma. Dalma tana zama cikin ƙashi shekara da shekaru. Mace mai ciki tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta.

Kada kuma a ce na bututu ya kuɓuta. An sha gwada kwallin kanti mai kwali mai kyau, aka samu dalma a ciki, alhali rubutun bai faɗa ba. Kyan kwali ba shaida ba ne.

Amfanin karatu a kasuwa

Nan ne wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai ci ribar karatunsa. A juya batta ko bututu a duba. Shin akwai sunan wanda ya yi shi da ƙasar da aka yi shi? Shin akwai ranar lalacewa? Kayan da suka hito daga Najeriya ya kamata su ɗauki lambar hukumar NAFDAC. A kan wasu kaya akwai hoton ƴar batta buɗaɗɗiya, an rubuta 6M ko 12M. Ma'anarsa wata 6 ko wata 12 bayan an buɗe, sai a yar. Kwallin ruwa mai tsinke a ciki kuwa, kada ya wuce wata 3. Abin da ba shi da rubutu ko ɗaya, a bar wa mai shi kayansa. Araha ba ta ado.

Yadda aka ƙare

Da ungozoma ta gama bayani, tsohuwa ta yi shiru. Can ta ce: "To, ɗiyata, duk mu da aka sa wa kwalli muna jarirai, ga mu da ranmu."

Ungozoma ta ce: "Gaskiya ne, Inna. Amma a da ba a da abin auna jini, yanzu akwai. Idon jariri ba ya bukatar komai sai ruwa mai tsabta da tsumma mai tsabta. In ya yi kwantsa ko ya kumbura, a kai shi gidan likita a ranar."

Tsohuwa ba ta ce ta yarda ba. Amma ta goge tsinken a zanenta, ta maida tandu cikin lalita, ta miƙa jariri ga uwarsa. Amarya ta ɗauki bututu ta sa cikin akwati. Battar kuwa, an ce kawu ya maida wa ɗan koli ran kasuwa.

Abin da za a riƙe

1. Kada a sa wa jariri ko ƙaramin yaro kwalli kowane iri, a ido ko a cibiya.

2. Mace mai ciki da mai shayarwa su bar kwallin dutse mai ƙyalli.

3. Tsakanin batta da bututun matsawa, bututu ya hi tsabta. Mai batta ta wanke hannu da sabulu kahin ta lakata, ta ruhe da ta gama.

4. Kowa da tsinkensa, kowa da mazubinsa. Ba a aron kayan ido, ko tsakanin ƴan ɗaki ɗaya.

5. Kada a jiƙa tsinke da miyau. Kada a zuba ruwa cikin man da ya bushe.

6. Ido mai ciwo ba a yi masa kwalliya. Abin da aka yi amfani da shi lokacin ciwon, a yar da shi.

7. A ajiye tandu da batta inda hannun yara ba ya kai.

8. A wanke huskar yara kullum da sahe, don ƙuda ba ya bin huska mai tsabta.

Kwalliya ba laihi ba ce, amarya ta yi adonta. Amma magabata sun ce kada garin neman gira a rasa ido. Wanda ya karanta wannan shahi, ya karanta wa matan gidansa da maƙwabta da ba su shiga aji ba tukuna. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.