Kafin Mu Sayi Tsohuwar Lasifika



Da yawanmu mun gaji tsohuwar amfilifaya, irin su Sansui, Pioneer ko Kenwood, da garmaho ko rikodar kaset, amma lasifikunsu sun daɗe da lalacewa. In muka shiga kasuwar gwanjo neman madadinsu, abu biyu ne ke ɗauke mana hankali: girman akwati da yawan wat ɗin da aka rubuta a bayansa. A ganinmu, waɗannan biyun ne suka fi sa mutane asarar kuɗi. Abin dubawa shi ne ko lasifikar za ta yi zaman lafiya da amfilifayar da ke gida.

Mu fara da girma. A 1946 Paul Klipsch na Amurka ya fito da Klipschorn, ƙatuwar lasifika mai siffar ƙaho da ake girkewa a kusurwar ɗaki, wadda 'yan wat kaɗan ke isarta ta cika falo. A 1954 kuma Edgar Villchur ya fito da AR-1, akwati madaidaici a rufe ruf, iskar cikinsa ce ke riƙe takardar lasifikar. Ta ba da amo mai zurfi, sai dai tana da cin wuta. Ashe ke nan babba na iya ƙoshi da kaɗan, ƙarama ta nemi da yawa.

Wat ɗin da ke bayan akwati yana faɗin abin da lasifika za ta iya jurewa ne kawai. Lambar da ke nuna ƙararta ita ce ta dB. Duk ragin dB 3 yana nufin sai an ninka ƙarfin amfilifaya kafin a samu ƙara iri ɗaya. Mai dB 87 tana buƙatar ninkin abin da mai 90 ke buƙata. In muka haɗa amfilifaya mai wat 20 da lasifika mai cin wuta, za mu yi ta ƙure ƙara har sautin ya dagule, kuma wannan dagulewar ce ke ƙona 'yar ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti.

Sai batun om. Yawancin tsofaffin lasifiku masu om 8 ne ko 4. Amfilifayoyin da galibi suna da gurbi biyu, A da B, kuma a yawancinsu in aka kunna duka biyun, masu om 8 sukan koma 4, masu 4 su koma 2. A nan ne amfilifaya ke ɗaukar zafi har ta ƙone, ga shi kayan gyaranta sun yi wuya.

Wani zai ce, me ya kai mu wannan wahala ga sabbin lasifikun Bluetooth birjik? Gaskiya ne sun fi sauƙin sha'ani. Amma ranar da batirinsu ya mutu, galibi bola ce makomarsu. Tsohuwar lasifika kuwa kusoshi ne ke riƙe da ita, mai gyaran rediyo zai buɗe ya sauya abin da ya gaji.

Don haka mu duba da kyau kafin mu biya. Zoben soson da ke kewaye da takardar yakan ruɓe da shekaru, amma ana sauya shi, kada mu gudu saboda shi, mu nemi ragi. Mu danna takardar a hankali. In muka ji ƙarar gogayya, ciwon na ciki ne. Mu taɓa batiri mai bolt 1.5 a wayoyinta na ɗan lokaci, mai rai za ta motsa. Mu duba katakon ko ruwa ko gara sun ci shi, mu kuma tabbatar biyun iri ɗaya ne.

Daga ƙarshe mu tafi da sautin da kunnenmu ya sani, kamar waƙar Mamman Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo. In muryar ta fito sarai, kalangu ko kotso bai shaƙe ta ba, mun dace. In mai kaya ya hana gwaji, mu riƙe kuɗinmu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.