Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano: Gajiyar Manomi Ba Ta Ƙarin Ruwa Ba Ce

 

A Gwarzo da Kabo, da zarar damina ta kankama, wuri biyu ke cika da mutane: shagon taki da shagon kemis. Manomin Getso ko Garo da ya wuni duƙe a gonar masara, cikinsa daga koko sai ruwa, idan ya dawo jiki ya yi tsami, ba ya cewa wahala da yunwa ne. Cewa yake ruwan jikinsa ya ƙone. Mai kemis kuwa ba ya musu da kasuwa. Ya kwantar da shi a benci, ya rataya leda a jikin ƙusa, ya bi shi da allura. Marar kuɗin ƙarin ruwa a ƙulla masa haɗi. Matasa 'yan ƙwadago kuma wasu sai sun kora tiramol kafin su kama fartanya. Gwamnatin tarayya ta hana kodin a 2018 bayan wani rahoton BBC, amma gajiyar da ke tura yaro neman ƙwaya tana nan inda take.

Mai girma Kwamishina ya san wannan tunani, don daga manyan asibitoci ya gangaro ƙauye: jiki inji ne, kowace damuwa tana da ƙwayar cuta, kowace ƙwayar cuta tana da magani. Tun 1977 wani likitan Amurka, George Engel, ya yi gargaɗin cewa duban majinyaci ba tare da duban zuciyarsa da gidansa ba, rabin aiki ne. A 1978 taron Alma-Ata ya sa ruwan sha da abinci da tsaftar muhalli cikin ginshiƙan lafiya a matakin farko, kuma a kan wannan turba marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora Nijeriya lokacin yana minista. Yanzu ciyawa ta rufe turbar.

A duba yadda ake yi da zazzaɓi. Kusan duk wanda ya je gwaji sai ya fito da takarda mai cewa maleriya da taifot. Gwajin Widal da ake dogara da shi, likitoci sun daɗe da sanin yana nuna taifot ga wanda ba shi da ita. Duk da haka a rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, ya sayi rabi don kuɗinsa bai kai ba, ya koma gida ya sha ruwan rijiyar da ke gefen masai. Bayan wata ya dawo. A haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani, ranar da aka buƙace shi da gaske ya ƙi ci.

Haka tsargiya a garuruwan da ke gaɓar madatsun ruwa irin su Guzu-Guzu. Ƙwayar praziquantel tana kashe tsutsar, babu gardama. Sai dai yaron da ya sha yau, gobe yana cikin ruwan yana wanka da kamun kifi, katantanwar da ke rainon tsutsar kuma ba wanda ya taɓa ta. Rijiyar burtsatse da masai a makaranta su ne sauran maganin, su kuma ba sa cikin kwalin da ake rabawa.

Ba raina magani ake yi ba. Mashaƙon da ya yi wa Kano ɓarna a 2023 ya nuna abin da rashin riga-kafi ke jawowa, kuma mai naƙudar da jini ya ɓalle mata Babban Asibitin Gwarzo take buƙata, ba nasiha ba. Amma ko riga-kafin sai da amana: bayan gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996, da ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, sai da sarakuna da malamai suka sa baki iyaye suka sake buɗe ƙofa.

Dattawan yankin har yau suna tuna duba-gari, wanda jin yana tafe kaɗai ke sa a wanke randa a share kwata. Ana roƙon Mai girma Kwamishina ya dawo masa da martabarsa, da babur da ikon cin tara, ya haɗa shi da dagatai da masu unguwanni. Hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu da sauran masu sa ido su riƙa leƙa shagunan da suka rikiɗe asibiti, kada su tsaya a cikin birni. Ma'aikacin ƙaramin asibiti a Kabo a ba shi lokaci da horo, ya tambayi majinyaci abin da ya ci da inda yake ɗebo ruwa kafin ya ɗauki biro. Idan kuma an zauna kasafin baɗi, a gayyato ma'aikatar ruwa da ta gona su zauna tare da ta lafiya.