Ƙaiƙayin Idon Yara: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Da wuya a shiga makarantar firamare ko ƙaramar sakandare a ƙasar Hausa ba a ga yaron da ke yawan murza ido ba, farin idonsa ya rine ya koma ruwan ƙasa, yana gudun hasken rana. Sau da yawa akan ɗauka afolo ce ko amodari, alhali kuwa wani ciwo ne daban wanda likitoci ke taƙaita sunansa da VKC. Wani likitan ido mai suna Arlt ne ya fara bayyana shi a 1846. Turawa sun danganta shi da lokacin da tsirrai ke fure a ƙasashensu, amma a wurare masu zafi da ƙura irin namu yakan zauna wa yaro kusan duk shekara.

Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, don haka ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jikin yaron ce ke yin bori idan ƙura ko garin fure ko hayaƙi ya taɓa ido. Sai wasu ƙwayoyin halitta su saki sinadarin histamin, tantanin da ya lulluɓe farin ido da cikin fatar ido ya kumbura. Daga nan sai ƙaiƙayi mai tsanani, da hawaye, da kwantsa mai yauƙi kamar zare. A wasu yaran ƙuraje kan fito a ƙarƙashin fatar ido ta sama. A wasu kuma, musamman a Afirka, kumburin kan zagaye baƙin ido tare da 'yan fararen ɗigo. Ya fi kama yara maza, yakan fara kafin shekara 10, kuma galibi yakan lafa bayan balaga.

Tunda ciwon kan tafi da kansa, me ke makantar da wasu yaran? Wani lokaci ciwon ne kan yi gyambo a kan fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, ya bar hakiya. Yawan murza ido ma kan sa wannan fata ta yi sirara ta tsiro gaba, gani ya lalace. Sai dai babban haɗarin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne maganin da ake ɗigawa ba da sanin likita ba.

A kantin magani akan miƙa wa uba ɗigon ido mai sitiroyid, irin su dekzametazon da betametazon. Cikin kwana biyu ja ya washe, ƙaiƙayi ya tsaya, kowa ya yaba. Da ciwon ya dawo sai a sake saye, wata da watanni. Wannan magani kan ɗaga matsin ruwan cikin ido har ya kashe jijiyar gani, wato gilakoma, wadda ba ta da gyara. Kuma yakan jawo yanar ido. Yara sun fi manya saurin faɗawa wannan hali, kuma gilakoma ba ta yin shela kafin ta yi ɓarna.

Wani zai ce asibiti na da nisa, kuɗi kuma babu, ga yaro yana kuka. Gaskiya ne. Su kansu likitoci suna ba da sitiroyid idan ciwon ya tashi, amma na ɗan gajeren lokaci, suna auna matsin ido. Na yau da kullum akwai masu sauƙin haɗari, kamar kuromogilaiket da olofatadin. Ga mai tsanani kuma akwai ɗigon sikulosforin, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2018, Amurka a 2021. Kuɗin mota zuwa asibitin ido bai kai kuɗin jagorancin makaho har ƙarshen rayuwarsa ba.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su tsananta hana sayar da ɗigon sitiroyid sai da takardar likita. Malamai su daina korar irin waɗannan yara gida da sunan gudun yaɗuwa. Su nisanta su da ƙurar alli da shara, su shawarci iyaye a je Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido mafi kusa. Ɗalibi kuma ya wanke fuska da ruwa mai tsabta, ya ɗora tsumma mai sanyi a ido maimakon murzawa, kuma ya guji ɗigon aro da duk wani haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba.