Mun Sa wa Mashin Na'ura, Mun Manta da Mai Tuƙa Shi

Wataƙila kana zaune a benci kana jiran a kira sunanka, ko kuwa jinyar ɗan'uwa ce ta kawo ka, har wannan takarda ta shigo hannunka. Idan kana hawa mashin, ko akwai mai hawa a gidanku, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci.

Duk wanda ya san Kalambaina ya san titinta. Tun 1967 da kamfanin siminti ya fara aiki a wurin, manyan motoci ba su daina zirga-zirga ba, kuma yau da kamfanin yake hannun BUA sai abin da ya ƙaru. Tirela na shiga, tifa na fita, 'yan kabu-kabu na kurɗawa tsakaninsu. Haɗari a nan abin tsoro ne, amma akwai sauƙi guda: a gaban jama'a yake faruwa. Kafin ƙura ta lafa an taru, an tsai da mota, asibiti kuma ba nisa.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda ya ɗauki fasinja daga Kalambaina, ya wuce Wamakko, ya nufi wani ƙauye a ƙasar Silame ko Binji ko Tangaza, ya sauke, ya juyo shi kaɗai bayan magariba. Yashi ya kwashe masa tayar gaba, ya faɗa kwazazzabo, cinya ta karye. A gida ana cewa ya tsaya hira, a tasha ana cewa ya wuce gida. Sai gari ya waye wani makiyayi ya tsince shi.

Ka san abin da waɗannan sa'o'i suke yi wa jiki? Jinin da ke jikin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba, kuma karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya zubar da fiye da lita 1 a cikin nama, ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Akwai maganin rage zubar jini da ake yi wa wanda ya ji mummunan rauni, amma amfaninsa a cikin sa'o'i 3 na farko yake. Buguwar kai ta fi wannan yaudara. Mutum kan suma, ya farfaɗo, ya yi magana garau, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Idan ya iso da wuri, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna iya buɗewa su kwashe jinin, mutum ya koma gida da ƙafarsa. Idan ya kwana a daji, sau da yawa sai dai addu'a.

To, ga inda ra'ayina yake. Na'urar bin sawu, wadda muke kira tiraka, ta riga ta shigo garin nan. Masu ba da mashin haya ko bashi suna ɓoye ta a jikinsa saboda ɓarayi. Ba laifi, dukiya abar tsarewa ce. Amma ka duba: mun yarda mu kashe kuɗi don mu san inda ƙarfe yake, ba mu yi tunanin na'urar nan ita ce za ta nuna inda ɗanmu yake kwance ba. Ina ganin lokaci ya yi da za mu juyo da ita kan mai tuƙin.

Kafin ka saya, ya kamata ka fahimci yadda take aiki, domin a nan ake ruɗin mutane. Na'urar tana da aiki biyu. Na farko, ta gane inda take. Wannan tana yin sa ta hanyar sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200. Da ta ji saƙon guda 4 daga cikinsu, ta san wurinta, ko a tsakiyar daji ne, kuma kyauta. Aiki na biyu shi ne ta gaya wa wani. Yawancin masu arha da ke kasuwa layin waya ne a cikinsu, don haka inda babu sabis, na'urar ta san inda kake, amma ba ta da bakin faɗa. Ka tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Duk tirakar da ta dogara da layi ta zama bebiya a lokacin.

Akwai wani nau'in da ke aika saƙon kai tsaye ta tauraro, kamar Garmin inReach mai amfani da taurarin Iridium guda 66 da suka game duniya. Yana da maɓallin neman agaji, kuma bai damu da sabis ba, matuƙar yana ganin sararin sama. Sai dai yana da tsada, ga kuɗin wata-wata da ake biya da kuɗin waje. Ɗan kabu-kabun da ke fafutukar cika kuɗin mai mashin na yini ba zai iya ba, kuma ba zan yaudare shi ba. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar ƙungiya. Reshen da ke karɓar kuɗin tikiti kullum zai iya mallakar guda biyu ko uku, a riƙa ba wanda zai yi doguwar tafiya, ya dawo ya mayar. Kamfanoni da masu kwangila da ke aika ma'aikata ƙauyuka a kan mashin su ma ba su da hujja. A dai sanar da jami'an tsaro kafin a fara, domin ko a 2013 sojoji sun taɓa hana amfani da wayar tauraro ta Thuraya a Borno, kada abin ceto ya jawo zargi a shingen bincike.

Wani zai ce, ai ajali idan ya zo babu na'urar da ke tare shi. Haka ne. Amma kai ma da kake karanta wannan, neman magani ne ya kawo ka asibiti, ba ka zauna gida ba. Wani kuma zai ce ba ya son a riƙa bin sawunsa. Wannan magana ce mai ƙarfi, domin wanda ya san hanyarka yana iya cutar da kai. Saboda haka kada lambar sirrin na'urar ta wuce mutum biyu da ka amince da su. Idan kuma ta nuna an yi cikin daji da mashin, kada 'yan'uwa su bi da kansu, a kai wa jami'an tsaro bayanin.

Babban sharaɗi shi ne a sami mai amsawa. Ɗigo a kan taswira bai taɓa ɗaukar kowa zuwa asibiti ba. Dole a san wanda zai duba idan mashin ya tsaya wuri ɗaya fiye da kima, da wanda zai ba da mota, da lambar da za a kira: 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112 ta gaggawa. Masu zuwa ɗauko shi su danne inda ke zubar jini da tsumma mai tsabta, kada su murɗa masa wuya, kada su ba shi ruwa, su kwantar da shi a mota maimakon a goyo shi a mashin. Kada rashin kuɗi a hannu ya sa a tsaya, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa.

Ko ba ka da tiraka, akwai abin da za ka fara yau. Faɗi inda za ka da lokacin dawowarka. Cika cajin wayarka. Idan babba ce, WhatsApp yana ba ka damar nuna wa wani inda kake har tsawon sa'o'i 8, kuma ko sabis ya yanke, wurin ƙarshe da ta nuna zai rage wa masu nema wahala. Sannan hular kwano. A watan Janairu na 2009 da aka fara tilasta ta, wasu sun kifa ƙwarya a ka don guje wa kamu, aka yi ta dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce hula mai kyau, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kashi 74 cikin 100 a iyakar amfaninta. Na'ura za ta kai mu inda kake, hular ce za ta sa mu tarar da kai da sauran numfashi.

Idan ka koma gida, ka tambayi mai mashin ko akwai tiraka a jikinsa, da kuma wanda ke duba ta da dare. Ka kai maganar taron ƙungiya na gaba. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.